Yadda Za Ka Ci Abinci a Kasuwar Boqueria ta Basalona Ba Tare da Ka Ci Haram Ko An Yi Maka Tsada Ba

Duk wanda tafiya ta kai shi Basalona, ko kallon ƙwallo, ko taro, ko karatu, sai an ce masa kada ya dawo bai leƙa kasuwar Boqueria ba. Daga nan sai tambaya ta biyo baya, kuma an yi mini ita har na ga gara in tattara amsar wuri ɗaya: to in na shiga, me zan ci? Tambayar tana da dalili. Abin da ke fara tarbar mutum kusa da ƙofa cinyoyin alade ne a rataye reras, kuma da yawa daga cikin mutanenmu daga nan suke juyawa, ko su sayi kofin ruwan 'ya'yan itace su ɗauki hoto su fita. Wannan asara ce, domin a cikin kasuwar akwai kifi da kayan lambu da Musulmi zai ci ya ƙoshi hankalinsa kwance. Sai dai ana bukatar sanin tsarin. Sunayen tituna da na abinci na bar su yadda suke a rubuce a can, don ka gane su in ka gan su a allo.

1. Zaɓi rana da lokaci

Kasuwar tana buɗe daga Litinin zuwa Asabar, ƙarfe 8 na safe zuwa 8:30 na dare. Ranar Lahadi a rufe take. Kada ka je ranar Litinin in kifi ne ya kai ka, domin masunta ba sa fita teku a ƙarshen mako, saboda haka masu sayar da kifi da yawa ba sa buɗewa, waɗanda suka buɗe kuma kayansu ba yawa. Talata zuwa Alhamis sun fi. Asabar cunkoso ne tun da hantsi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakanin 8:30 da 10:30 na safe, ko kuma 12 na rana daidai. Mutanen Sifaniya sai wajen ƙarfe 2 suke cin abincin rana, don haka daga 1:30 zuwa 3 samun kujera wahala ne. Masu dafa abinci da yawa suna fara tattara kaya wajen ƙarfe 4, ko da kasuwar tana buɗe. Wanda ya yi niyyar cin abincin dare a nan zai tarar da kantoci a share.

Gargaɗi: duba ranakun hutu kafin ka fita. Ban da na ƙasa baki ɗaya, yankin Kataloniya, inda Basalona take, yana da nasa, kamar 24 ga Yuni, 11 ga Satumba da 26 ga Disamba, Basalona kuma tana hutu 24 ga Satumba. A watan Agusta rumfuna da dama suna rufewa na makonni, masu su sun tafi hutun shekara.

2. Shirya aljihunka

Riƙe katin banki da kuma takardun Yuro ƙanana, na 5 da na 10 da na 20, da tsaba. Yawancin rumfuna suna karɓar kati, amma sayen Yuro 2 da takardar 50 yana ɓata wa mai rumfa rai, wani ma zai ce ba canji. Ajiye tsabar Yuro ɗaya saboda makewayi.

A farashin 'yan shekarun nan, wanda zai ci a tsaye, wato 'ya'yan itace da ɗan soyayyen kifi a takarda da abin sha, Yuro 10 zuwa 15 za su ishe shi. Wanda zai zauna a kantar masu girki a gasa masa kifi ya yi lissafin Yuro 25 zuwa 40 a kan mutum ɗaya. Kasuwar ba wurin neman araha ba ce, gara ka san haka tun daga masauki.

Gargaɗi: titin La Rambla da jirgin ƙarƙashin ƙasa sun yi suna wajen 'yan sane. Waya da walat su zauna a aljihun gaba. Jakar goyo ka juyo da ita ƙirji. In da babbar riga ko jallabiya ka fito, kada ka dogara da aljihun gefe, hannu yana shiga ba ka ji ba. Mata su rataya jaka ta ƙetare ƙirji, a ƙarƙashin mayafi. Fasfo ya kasance a aljihun ciki mai zif. In abu ya faru, lambar gaggawa 112 ce, 'yan sandan yankin kuma Mossos d'Esquadra ake kiransu.

3. Hanyar zuwa

Kasuwar tana lamba 91 a titin La Rambla, cikakken sunanta Mercat de Sant Josep de la Boqueria. Hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layin L3, mai launin kore, ka sauka a tashar Liceu, kana fitowa ka iso. Daga dandalin Plaça de Catalunya kuwa tafiyar ƙafa ce ta kusan minti 10, ka gangara La Rambla, kasuwar tana hannun dama, za ka ga babbar ƙofar ƙarfe mai gilasai kala-kala. In za ka yi kwanaki a garin, katin T-casual na hawa 10 ya fi sayen tikiti ɗaiɗai sauƙi, amma na mutum ɗaya ne, ba a raba shi.

4. Wuce ƙofa, ka zaga tukuna

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne saye a layin farko. Rumfunan bakin ƙofa su ne suka fi cunkoso, kuma sau da yawa kofin ruwan 'ya'yan itacen da ke nan za ka same shi da ragi in ka kutsa ciki. Kamar mai sayen tumatir a bakin titin kasuwa ne, ya biya kuɗin wuri ba kuɗin kaya ba. Ka daure ka wuce.

Bi layin tsakiya har ka isa zagayen masu kifi, wanda ke tsakiyar kasuwar. Tsaya nan ka duba abin da ya zo ranar: wane kifi ne ya yi yawa a kan ƙanƙara, nawa kilo. Abin da ya yi yawa a nan shi ne zai fi sabunta da sauƙin kuɗi a wurin masu gashi, domin a nan suke saye. Daga nan ka zaga gefuna da baya, wajen Plaça de la Gardunya, inda mutane suka fi ƙaranci. Kantocin cin abinci a warwatse suke, wasu a gefe, wasu a tsakiya, wasu a baya. Duba faranti a gaban mutane, duba allon farashi, sannan ka yanke shawara. Minti 20 sun isa wannan zagayen.

Gargaɗi: kada ka taɓa kaya da hannu. A nan mai rumfa ne ke ɗauko maka, kai nuni kawai za ka yi. Kuma kada ka tsaya ɗaukar hoto a gaban rumfa ka tare wa masu saye hanya. Mutanen nan sana'a suke yi, kuma sun daɗe suna kukan masu kallo sun kore musu masu cefane. In kana son hoto, sayi ko ɗan abu ne, ka nemi izini.

5. San abin da za ka guje wa

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane nauyi, don haka zan daɗe a kansa. Cinyar alade da ke rataye ba ita ce matsala ba, kowa yana ganinta. Matsalar ita ce aladen da ba a gani.

Alluna a kasuwar suna zuwa da harsuna biyu, Sifaniyanci da Katalanci. Alade shi ne cerdo ko porc. Busasshiyar cinyarsa jamón ko pernil. Duk inda ka ga ibérico a kan nama, alade ne. Naman da aka niƙa aka ɗura a hanji yana da sunaye da yawa: chorizo, fuet, butifarra ko botifarra, longaniza, sobrasada. Morcilla da botifarra negra da jini ake yin su. Panceta, cansalada da tocino tsokar ciki ce mai kitse. Manteca ko llard narkakken kitsen alade ne. Lomo shi kaɗai alade ake nufi, sai in an ƙara masa sunan kifi, kamar lomo de atún ko lomo de bacalao. Rubuta waɗannan a wayarka, ba sai ka haddace ba.

Yanzu ga inda ake faɗawa. Farantin wake, ko farin mongetes ko garbanzos, da ido kamar ba komai a ciki, amma yawanci da botifarra ko morcilla aka haɗa shi. Croquetas, waɗannan 'yan dunƙulen da ake soyawa, mafi yawansu na jamón ne. Kayan lambu irin su habas da alcachofas ana yawan barbaɗa musu jamón. Girkin Kataloniya kuma yana da al'adar haɗa abin teku da nama a tukunya ɗaya, suna kiransa mar i muntanya, don haka sunan kifi a kan abinci ba shaida ba ce. Mandonguilles amb sípia dunƙulen nama ne da abin teku, naman kuwa da alade a ciki. Calamars farcits an cusa musu niƙaƙƙen nama. Paella mixta tana iya zuwa da haƙarƙarin alade. Callos da cap i pota na saniya ne, amma ba yankan Musulunci ba ne, kuma ana yawan sa musu chorizo. A ɓangaren kayan fulawa, ensaimada da kitsen alade ake murza ta, coca de llardons kuma da soyayyen kitsensa. Alawar roba mai kala-kala da ake tarawa tsibi-tsibi, wadda yara ke rububi, yawancinta da gelatina ake yi, wato sinadarin da ke sa ta danƙo, shi kuma galibi daga alade ake samunsa.

Sai giya a cikin girki. Duk abin da aka ce al vino, a la marinera ko flambeado, ka tambaya, domin farar giya da barasa suna shiga miyar abin teku sosai.

Gargaɗi: kada ka ce "sin carne", wato ban da nama, ka ɗauka ka gama. Da yawa a can ba sa lissafa ɗan jamón da aka barbaɗa a matsayin nama. Ambaci sunansa. Ka ce: "No como cerdo, ni jamón, ni chorizo." Sannan ka nuna farantin ka ce: "¿Lleva cerdo? ¿Lleva vino?" Ma'ana, akwai alade a ciki, akwai giya a ciki? In furucin ya yi maka wuya, rubuta ka nuna. Garin yana da Musulmi da yawa, masu kanta sun saba da tambayar, ba abin jin nauyi ba ne.

6. Samu kujera a kanta

Wuraren cin abinci na kasuwar ba ɗakuna ba ne. Kanta ce da dogayen kujeru kewaye da ita, mai girki yana aiki a gabanka. Daga cikin waɗanda suka yi suna akwai El Quim de la Boqueria, Kiosko Universal da Bar Central. In ka karanta wani tsohon bayani da ke tura ka wurin cin abinci na Pinotxo, masu shi sun bar kasuwar a 2023 sun koma kasuwar Sant Antoni.

Ba a kama wuri tun daga gida. Je ka tsaya inda ma'aikaci zai gan ka, ka nuna masa da yatsu ku nawa ne, shi zai nuna maka kujera in ta samu. Kada ka zauna kan kujerar da ka ga ba kowa ba tare da ka tambaya ba, wataƙila wani ya riga ka jira. Mutum ɗaya ko biyu suna samun wuri da wuri. In kun kai biyar, ku rabu gida biyu, in ba haka ba za ku daɗe a tsaye. Jakarka ta zauna a kan cinya, ba a ƙasa ba, ba kuma a rataye bayanka ba.

7. Me za ka ce a kawo

Kalmar da za ta fi yi maka amfani ita ce a la plancha, wato a gasa a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai zafi, da man zaitun da gishiri, wani lokaci da tafarnuwa da ganye. Babu miya, babu abin ɓoye. Ka ƙara da "solo aceite y sal", mai da gishiri kawai.

Wanda bai saba da abin teku ba ya fara da kifi sosai: dorada ko lubina, masu farin nama marasa ƙarni, ko sardinas in lokacin zafi ne, ko atún. Gambas su ne jatan lande. Calamar, sepia da chipirones 'yan gida ɗaya ne, namansu fari ne mai ɗan danƙo, ba ƙaya. Soyayyen ƙwai da ƙananan chipirones a kai shi ne abincin da aka san El Quim da shi, kuma ina ganin ya cancanci jiran, amma ka yi tambayar giya kafin a ɗora. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, abin da ke rayuwa a teku halal ne, don haka a nan ka samu sarari.

Na gefe kuwa, nemi pa amb tomàquet, burodi ne da aka goga wa tumatir aka zuba mai da gishiri. Escalivada gasasshen tattasai ne da yalo da albasa. Pimientos de Padrón ƙananan koren tattasai ne soyayyu, jefi-jefi ɗaya yakan yi yaji. Tortilla de patatas wainar ƙwai da dankali ce mai kauri, tana ƙosarwa, ka dai tabbatar ba wadda aka sa wa chorizo ba ce. Mutum biyu su ce a kawo faranti uku su raba, in bai isa ba su ƙara. Abincin ba ya da yaji irin namu, wanda ba ya iya ci sai da shi ya sako ɗan ƙullin yajinsa a aljihu.

Gargaɗi na farko: a wurare da yawa ƙarfen gashi ɗaya ne, kaskon suya ma ɗaya ne, ga kifi ga nama. Daga kujerarka kana ganin komai, don haka duba. Kantar da kifi ya fi yawa a allonta ta fi sauƙin wannan matsala, kuma kana iya roƙo a goge ƙarfen kafin a ɗora naka. Gashi ya fi suya tsira, domin man da aka soya croquetas shi ake soya sauran.

Gargaɗi na biyu: in ka ga an rubuta s/m ko según mercado a maimakon farashi, ma'anarsa kuɗin ya danganta da kasuwar ranar. Tambaya kafin a gasa: "¿Cuánto cuesta?" Jan jatan lande na garin Palamós da manyan kifayen da ake sayarwa a kan nauyi suna iya ninka lissafinka. In ma'aikaci ya ba ka shawarar wani abu da ba ya kan allo, shi ma tambayi kuɗinsa.

Gargaɗi na uku: wanda bai taɓa cin jatan lande ko masu ɓawo ba ya fara da kaɗan. Jikin wasu ba ya karɓarsu. In ka ji ƙaiƙayi a baki, ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi nauyi, daina nan take ka nemi taimako.

8. Abin sha

Ruwa shi ne agua, sin gas in ba ka son mai iska. Kofin ruwan 'ya'yan itace yana kamawa Yuro 2 zuwa 3, zaɓi wanda ke nutse cikin ƙanƙara kuma bai rabu gida biyu ba. In ka ci karo da horchata ko orxata, saya: da aya ake yin ta, 'yar uwar kunun aya ce, sai dai ta fi zaƙi kuma ba kayan ƙamshi. Café con leche gahawa ce da madara, cortado kuma mai ɗan madara kaɗan.

Gargaɗi: sangría da tinto de verano suna kama da zoɓo a kofi, har da yankan lemo, amma giya ce. Clara giya ce da aka sirka da lemo. Cava da vermut giya ne. Carajillo gahawa ce da aka zuba wa barasa. In yaro ne zai ɗauki kofi a rumfa, kai ka karanta masa rubutun.

9. Biya

Ka ce "la cuenta, por favor". Haraji yana cikin farashin allo. Karanta takardar, domin burodi ana lissafa shi daban a wurare da yawa. Tukuici ba dole ba ne, in ka ji daɗi ka bar Yuro ɗaya ko biyu. In na'urar kati ta tambaye ka da wane kuɗi za ka biya, zaɓi Yuro, canjin na'urar ya fi na bankinka tsada. Da ka biya ka tashi, akwai mai jiran kujerar.

10. Sayen awo da tsaraba

A nan ba a taya kaya, farashin da ke rubuce shi ne. In rumfa tana da na'urar lamba, zari takarda ka jira a kira. In babu, ka tambaya "¿Quién es el último?", wane ne na ƙarshe, ka bi bayansa.

Gargaɗi: dabino, busassun 'ya'yan itace, cakulan da alawa sau da yawa farashin gram 100 ake rubutawa, ba na kilo ba. Abin da ka ga Yuro 4 yana nufin Yuro 40 ne kilo. Faɗi nauyin da kake so tun farko, ko ka faɗi kuɗin, ka kalli sikeli, in an zarce ka ce a rage.

'Ya'yan itace ka bi lokacinsu: lemo a lokacin sanyi, ceri a Mayu da Yuni, ɓaure da inabi a ƙarshen zafi. Mangwaro da abarba daga nesa aka kawo su, namu na gida sun fi su. Tsarabar da ta dace ita ce man zaitun, zaitun, za'afaran, garin jan tattasai na pimentón, da alawar turrón ta zuma da almon, bayan ka duba ba mai licor ba ce, wato barasa. Ka ce a rufe maka al vacío, wato a zuƙe iskar ledar. Man zaitun a babbar jaka zai shiga jirgi, ba a ta hannu ba.

11. Nama da salla

Naman sa, rago da kaza na kantocin kasuwar ka ɗauka ba yankan Musulunci ba ne, sai in ka ga shaidar halal a rubuce. Maganar yankan Ahlul Kitabi a mayankan zamani malamai sun yi saɓani a kanta, kowa ya tambayi malaminsa kafin tafiya. Amma ba ka da bukatar shiga shakka, domin bayan kasuwar unguwar Raval ce. Fita ta ƙofar baya zuwa Plaça de la Gardunya, ka bi titin Carrer de l'Hospital zuwa Rambla del Raval. Tafiyar 'yan mintoci ce, za ka ga mahauta da gidajen abinci na 'yan Pakistan da 'yan Maroko da alamar halal a ƙofa, kuma kuɗinsu ya fi na kasuwar sauƙi nesa ba kusa ba. Masallacin Tariq bin Ziyad yana cikin unguwar, kowane mahauci zai nuna maka hanya. Unguwar tana da cunkoso, don haka kiyaye aljihun da ka yi a La Rambla ka ci gaba da shi a nan.

In ka iso Boqueria a makare ka tarar ba masaka tsinke, kada ka ɓata yininka a layi. Kasuwar Santa Caterina mai rufin kala-kala tana kusa da babban cocin garin, ta Sant Antoni kuma tana ɗaya gefen Raval. Duka biyun ana zuwa da ƙafa, suna da masu kifi da kantocin cin abinci, kuma tambayoyin mataki na 5 su ne dai za ka yi a can.